Daga Indabo Zuwa Ingila A Kan Ruwa

Jama'a, wanda ya tashi a Indabo iyakar ruwan da ya sani Kogin Wudil ne, iyakar jirginsa kuwa kwale-kwalen masunta. Haka mu ma muka tashi, mu uku 'ya'yan wani malamin makaranta, har shekarun nan na bayan samun mulkin kai na 1960, sa'ad da aka zaɓi Baba ya tafi Ingila ƙaro ilmi, shi kuwa ya ce ƙafarsa ƙafar iyalinsa.

Nan fa gida ya rabu biyu. Kakarmu ta ce, "Malam, in kai ka gaji da duniya, ka bar mini jikokina. Ruwan da ba a ganin gaɓarsa ba wurin yara ba ne." Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, ai Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya keta wannan ruwa tun 1921, ya ga Ingila, ya yi aikin Hajji, ya komo lafiya." Da ƙyar dai ta sa mana albarka, ta haɗa mu da guzurin kilishi da dakuwa.

Muka shiga jirgin ƙasa a Kano, muka yi tafiyar mil kamar 700 zuwa Ikko. A tashar Apapa muka fara ɗora ido a kan jirgin da ake kira Aureol, na kamfanin Elder Dempster. Gani ya kori ji! Fari ne fat, da bututun hayaƙi rawaya, tsawonsa ya haura ƙafa 500, nauyinsa wajen tan 14,000, yana ɗaukar fasinja fiye da 300. A Gilasgo aka ƙera shi, ya fara aiki a 1951, sunansa kuwa na wani dutse ne da ke Firitawun ta Saliyo. Ƙanenmu ya dubi Baba ya ce, "Baba, wane ne Hakimin wannan gari?"

Abin da aka fara koya mana shi ne yadda za mu tsira in hatsari ya auku. Aka busa ƙaho, kowa ya sa rigar da ke hana nitsewa, ya tafi ya tsaya gaban ƙaramin jirgin ceton da aka rubuta masa. Mu yara wasa muka ɗauke shi, amma mun ga idon mahaifiyarmu ya cika da hawaye, gama a ranar ta gane abin da kakarmu ke gudu.

Sha'anin salla ya ba Baba aiki. A gida mutum ya san gabas tun yana goye, amma jirgi yau ya miƙa yamma, gobe ya karkata arewa. Saboda haka kullum sai ya tambayi ma'aikatan jirgi inda aka dosa, kana ya shimfiɗa buzu. Abin mamaki, alƙiblar da a Kano take gabas maso arewa, kafin mu kai Ingila ta koma gabas maso kudu. Wajen abinci kuwa muka tsaya ga kifi da ƙwai da burodi da shinkafa, kilishin kakarmu ya zama mahaɗi.

Jirgi ya tsaya a gaɓar Gana, ya tsaya a Firitawun. To, bayan mun bar nan ne muka ga tashin hankali. Wata rana da la'asar aka nemi autanmu, ɗan shekara huɗu, aka rasa. Muka duba ɗaki, muka duba wurin cin abinci da bakin kududdufin wanka, babu shi. Mahaifiyarmu ta kama ƙarfen gefen jirgi tana duban ruwa, ko kuka ta kasa. Ma'aikata suka bazu hawa hawa suna cigiya. Can sai ga wata dattijuwa mutuniyar Saliyo ta fito da shi saɓe a kafaɗa. Ashe 'yar kyanwar wasan jikarta ya biyo har ɗakinsu, barci ya kwashe shi. Ba ta jin Hausa, mahaifiyarmu ba ta jin Turanci, amma suka rungumi juna suna kuka. Daga ranar aka kafa mana doka: babba ya riƙe hannun ƙarami, ba mai fita sai da izini.

Muka sauka Las Palmas muka miƙe ƙafa. Da muka shiga mashigin Biskay sai teku ta nuna halinta, igiyar ruwa ta yi ta jijjiga mu, jiri da amai suka kwantar da manya, mu yara muna ta yawonmu. Bayan kamar mako biyu muka isa Libaful cikin sanyin da ya fi na hunturun Kano nesa ba kusa ba.

Jirgin sama ne ya kashe kasuwar waɗannan jirage, gama tafiyar mako biyu ta koma ta 'yan awoyi. A 1974 Aureol ya daina zuwa Ikko, aka sayar da shi, aka sake masa suna, ya yi shekaru a Jidda ya zama masauki, a 2001 aka farfasa shi a Indiya. Yanzu manyan jiragen fasinja galibi na shaƙatawa ne, masu hali ke shiga da iyalinsu.

Ga duk magidancin da Allah ya nufa da irin wannan tafiya, shawararmu uku ce. Kada ya raina koyon hanyar tsira, ya tanadi maganin jiri, kuma kada idonsa ya bar kan yaro ko na minti ɗaya. Amma kada tsoro ya sa ya bar yara a gida, domin abin da muka koya a kan ruwan nan har yau da furfurarmu muna cin moriyarsa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.