Me ya sa launuka uku ko huɗu kaɗai ke ƙarewa a akwatin fentinka?

Idan ka fara koyon zane da fentin ruwa, bari a yi wata biyu sannan ka buɗe akwatinka ka duba. Cikin launuka 12 ko 24 da ka saya, za ka tarar uku ko huɗu sun yi rami, sauran kuwa kamar yau aka ɗauko su daga kanti. Ni shuɗi da ruwan ƙasa ne suka fara ƙare mini. Masu koyo da yawa sukan ɗauka gazawa ce, sai su tilasta wa kansu amfani da kowane launi, zanen ya fito kamar taɓo, daga nan su ajiye burushi. Alhali ramukan nan suna gaya maka abu biyu ne: abin da ƙwaƙwalwarka ke so, da abin da hannunka ya saba da shi.

Mu fara da ƙwaƙwalwa. A 2010, Stephen Palmer da Karen Schloss na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka sun nuna wa mutane launuka 32. Suka gano cewa yadda mutane ke son launi yana tafiya da yadda suke son abubuwan da launin ke tuna musu. Shuɗi ya samu karɓuwa, don yana tuna sararin sama da ruwa mai tsabta. Rawaya mai duhu kuwa, irin na ruɓaɓɓen abinci, ya sha ƙasa. Daga baya suka ga ɗaliban Berkeley sun fi na Stanford son shuɗi da ruwan zinare, launukan makarantarsu. Ka ga ke nan rayuwa tana da hannu a zaɓinka, kuma zaɓin yana iya canjawa.

Sai kuma fentin kansa. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, wannan dai ƙaron bishiyar dakwara da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa. Kowane gari da halinsa. Shuɗin altaramarin, wanda a da ake niƙawa daga wani dutse na Afganistan, ƙwayoyinsa kan taru a ramukan takarda, su bar tsaki-tsaki. Shuɗin fitalo kuwa garinsa ya fi laushi sosai: yana bazuwa sumul, yana rina takarda, da wuya ka goge shi. Sau da yawa wanda ya ce "ba na son shuɗi", halin ɗaya daga cikinsu ne bai yi masa ba.

Taɓon fa? Kowane gari yana shanye wani ɓangare na haske, sauran ya bugi farar takarda ya dawo idonka. Duk launin da ka ƙara a haɗi, ka ƙara abin da ake shanyewa. In ka haɗa huɗu ko biyar, ɗan abin da ya rage shi ne wannan launin mai dishi-dishi.

Ga gwajin da za ka yi a gida. Yanka takardar zane ƙanana-ƙanana, ka shafa kowane launi daga mai kauri zuwa mai ruwa-ruwa. Bar su su bushe tukuna, domin fentin ruwa yakan yi haske bayan ya bushe. Jera su daga wanda ya fi burge ka zuwa na ƙarshe, ka rubuta abin da kowanne ya fara tuna maka a bayansa. Bayan mako biyu ka sake jerawa ba tare da duba na farko ba.

Daga waɗanda suka tsaya a sama sau biyu, ɗauki shuɗi ɗaya, ja ɗaya, rawaya ɗaya, ka yi zane biyar da su kaɗai. Idan fenti ya ƙare, su za ka saya ɗaiɗai, ba sabon akwati ba.