Daga Ɓuntun Shinkafa Zuwa Hoton Ciwon Daji: Abin Da Ya Rage Wa Ƙwayoyin Silikon

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari a Bagwai da ta Tomas a Dambatta, duk inda injin casar shinkafa yake, za ka tarar da tarin ɓuntu a bayansa. Wasu su shimfiɗa wa kaji, saura a cinna masa wuta. Sai dai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin ɓuntun nan silika ne, sinadarin da ake fitar da silikon ɗin waya da kwamfuta daga cikinsa.

A shekarar 2022, masana a Jami'ar Hiroshima ta Japan ƙarƙashin Farfesa Ken-ichi Saitow sun ƙone ɓuntun shinkafa, suka fitar da silikon, suka rage girmansa zuwa nanomita 3. Nanomita ɗaya shi ne mita da aka raba gida biliyan. A wannan ƙanƙanta silikon yana ba da haske ja mai ruwan lemo, har suka haɗa fitilar LED da shi.

Me ya haɗa shi da asibiti?

Tun 1990 Leigh Canham ya gano a Ingila cewa silikon mai ƙananan ramuka yana haske. Hasken ja kuwa ya fi sauran launuka ratsa fata da tsoka. Idan ƙwayoyin suka taru a kan ƙari, sai kyamara ta nuna wa likita iyakarsa. Akwai ƙwayoyin da suka fi silikon haske, amma yawancinsu na ɗauke da kadmiyom mai guba. Shi kuwa silikon narkewa yake a jiki, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari.

Inda gizo ke saƙa

Wannan narkewar ita ce kuma matsalar. Da zarar ƙwayar ta haɗu da ruwa da iskar oksijin, sai bayanta ya fara komawa silika, tamkar yadda tsatsa ke cin fartanya. Cikinta ya ƙara ƙanƙancewa, launin ya sauya, hasken ya dusashe. Gishirin jini kuma yana sa ƙwayoyin su dunƙule. Hoton da haskensa ke raguwa ana cikin ɗauka zai iya sa ƙari ya ɓace wa likita.

Mafita ita ce a yi wa ƙwayar riga. A 2008, Folarin Erogbogbo da Mark Swihart na Jami'ar Buffalo a Amurka sun lulluɓe ƙwayoyin da wani sinadari mai maiƙo, suka ɗauki hoton ƙwayoyin cutar dajin fankiriyas (pancreas) da su a ɗakin gwaji. A 2009 kuma, ɗakin binciken Michael Sailor a San Diego ya rufe su da dekstiran, wani nau'in sukari, aka hango ƙari a jikin ɓera mai rai.

Rigar ma sai an auna ta. In ta yi sirara, haske ya mutu da wuri. In ta yi kauri, ƙwayar ta daɗe a hanta.

Har yanzu aikin yana matakin gwaji a kan dabbobi, bai iso asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba, inda masu ciwon daji da yawa ke zuwa bayan cuta ta yi nisa. Amma ga ɗaliban kimiyya na Jami'ar Bayero, kayan fara binciken na nan jibge a bayan injin casa.