Kai-da-kawon zafin teku da dusar ƙanƙara a wuraren wasan zamiya

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan aiki, muna so mu bayyana yadda ɗumi da sanyin ruwan teku suke shafar yawan dusar ƙanƙarar da ke zuba bisa duwatsun da ake wasan zamiya, watau wasan da Faransawa ke kira ski. Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Da farko, "ƙanƙara" a Hausa ta haɗa abin da Faransanci ya raba uku (grêle, glace, neige). Na ukun muke nufi, shi ne dusar ƙanƙara. Na biyu, ba mu fassara cycle da "zagayowa" ba, don kada mai karatu ya zaci abu ne mai tsayayyen lokaci kamar damina da rani. Mun zaɓi "kai-da-kawo".

2. Daga teku zuwa dutse

A al'ada, iska tana tura ruwa mai ɗumi na tekun Pasifik daga gaɓar Peru zuwa wajen Indonesiya. In iskar ta yi rauni, ruwan ɗumin yakan koma gabas. Wannan shi ne El Niño, sunan da masuntan Peru suka raɗa saboda yakan bayyana wajen Kirsimeti. In kuwa iskar ta ƙara ƙarfi, gabashin tekun ya yi sanyi fiye da kima, ana ce La Niña. Tsakanin wani El Niño da mai bi masa akan yi shekara 2 zuwa 7. Jacob Bjerknes ne ya nuna a 1969 cewa teku da iska juna suke turawa.

Inda ruwa ya fi ɗumi, nan hadari ya fi haɗuwa. Saboda haka, in ruwan ɗumin ya gusa, sai ya karkatar da wata iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kimanin kilometir 10 a sama, wadda ke ɗauko hadarin hunturu zuwa Amurka ta Arewa. Da El Niño takan yi kudu, duwatsun Arizona da New Mexico su samu rabo. Da La Niña takan yi arewa, rabon ya koma jihar Washington da yammacin Kanada.

Misalai biyu sun ishe mu. A hunturun 1998-1999, lokacin La Niña, wurin zamiya na dutsen Baker, a jihar Washington, ya samu dusar ƙanƙara kusan metir 29. A Fabrairun 2010 kuwa, lokacin El Niño, dutsen Cypress da ke kusa da Vancouver ya rasa ta, har sai da aka yi jigilarta da manyan motoci da jirage masu saukar ungulu don wasannin Olimpik.

3. Iyakar wannan bayani

Amma fa ba kullum lissafin ke fita ba. Hunturun 2022-2023 ya soma cikin La Niña, duk da haka dutsen Mammoth na Kaliforniya ya samu kimanin metir 18, abin da ba a taɓa aunawa a can ba. A Turai ma tasirin Pasifik kaɗan ne. Abin da ya fi tasiri can shi ne bambancin nauyin iska tsakanin tsibirin Iceland da tsibiran Azores, a tekun Atlantika. In bambancin ya yi girma, hadari yakan bi ta arewa, ya zuba a Norway, kudancin duwatsun Alpes ya bushe.

4. Kammalawa

Mun ga ke nan teku yana rinjayar da sa'a ne kawai, ba ya yanke hukunci. Masu wuraren zamiya kuwa tun kafin hunturu suke ɗaukar ma'aikata, su sayar da tikitin shekara, su tara ruwan da injuna za su mayar dusar ƙanƙara. Wanda ya ɗauki hasashe a matsayin alkawari yana iya tafka asara. Haka manoman Kaliforniya, waɗanda kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan jiharsu daga narkewar dusar duwatsun Sierra Nevada yake fitowa. Don haka muke ba masu fassara shawara: in suna bayanin wannan al'amari da Hausa, su riƙa cewa "yakan", su guji "lalle zai".