Rediyon Dala 499: Me Mutum Yake Saye a Cikinsa?

A shekarar 1993 kamfanin Bose na ƙasar Amurka ya fito da wani rediyo mai agogo, irin wanda ake ajiyewa a gefen gado, ya sa masa suna Wave, ya yanka masa kuɗi dala 349. A wancan lokaci rediyon agogo kayan araha ne a can, aikinsa kawai ya tashi mutum daga barci. A 1998 aka haɗa masa da na'urar faifan CD, kuɗi ya koma dala 499, kuma a nan ya tsaya har samfurin da ake kira Wave Music System ya fito a 2004. Jama'a suka yi ta saye, wasu kuma suka yi ta cewa suna kawai ake sayar musu. Gardamar ta shafe mu ta wata fuska, domin irin waɗannan rediyoyi sukan faɗo kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, mai shago ya goge ƙura, ya ce maka, "Alhaji, wannan Bose ne fa," ya ɗora kuɗi.

Kafin a yanke hukunci, gara a san abin da ke cikin akwatin.

Wanda ya kafa kamfanin a 1964, Amar Bose, malami ne a jami'ar MIT a wancan lokaci, ɗan wani Ba'indiye daga yankin Bengal. Matsalar da ya sa a gaba tsohuwa ce a wajen masu ƙera lasifika. Amo mai kauri, wanda masu kiɗa ke kira bes, ba ya fita sai an motsa iska mai yawa, kuma motsa iska mai yawa aikin babbar lasifika ne a cikin babban akwati. Shi ya sa ƙaramin rediyo ke da siririyar murya komai ƙure shi. Dabarar da Bose da abokin aikinsa William Short suka fito da ita ita ce a sa ƙaramar lasifika a bakin wani dogon bututu, sautin da ke fita ta bayanta ya bi ta ciki, iskar da ke cikin bututun ta ɗauka, ta fito da kauri. Duk wanda ya taɓa jin kakaki a ƙofar fada ya san wannan: tsawonsa ne ke ba shi muryar da algaita ba ta da ita. Abin da suka ƙara shi ne nannaɗe bututun, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har ya shige cikin akwatin da faɗinsa bai kai santimita 40 ba. A rediyon 1993 bututun ɗaya ne mai tsawon inci 34. A na 2004 guda biyu ne, kowanne inci 26. A kan wannan dabara aka ba su lambar maƙirƙiran shekara a Amurka a 1987, bayan sun fara amfani da ita a wata babbar na'ura a 1984.

To, dabarar tana aiki, wannan babu ja. Ka kunna shi a ɗaki madaidaici, baƙo ya shigo, sai ka ga yana waige-waige yana neman inda aka ɓoye babbar lasifika. Inda ya fi burge ni ma shi ne idan an rage murya. Kunnen ɗan Adam ba ya jin amo mai kauri sosai idan sauti ya yi ƙasa, sai na'urar ta riƙa ƙara shi da kanta, don haka karatun Alƙur'ani ko kiɗa da daddare, a ƙasa-ƙasa, yana fita cikakke ba tare da an tashi yara ba. Akwai kuma ƙananan abubuwa da sai wanda ya zauna da shi yake lura: hasken agogon yana dusashewa da kansa idan an kashe fitila, ƙararrawa ba ta firgita mutum, a hankali take tasowa, kuma ana iya saita ta sau biyu, ta mai gida daban ta uwargida daban.

Amma akwai abin da bututu ba ya iya yi. Sitiriyo na gaskiya yana buƙatar tazara tsakanin lasifikar dama da ta hagu, a nan kuwa su biyun suna manne a fuskar akwati ɗaya. Da ka ja baya taku uku, sautin ya zama daga wuri guda yake fitowa. Da wannan kuɗi mutum zai iya haɗa ƙaramar amfilifaya da lasifika biyu na kirki, su fi shi nesa ba kusa ba wajen kiɗa. Sannan kaurin nan da ake yabo ba kowace murya yake yi wa kyau ba. Mai karanta labarai namiji sai ka ji muryarsa ta yi gumgum, har sai da kamfanin ya sa wani saiti na musamman don shirye-shiryen magana. Babu kuma maɓallin ƙara bes ko rage shi yadda kake so; yadda injiniyoyinsu suka ga dama, haka za ka ji. Bose dama an san shi da ƙin buga cikakkun alƙaluman gwajin sautin kayansa, yana cewa kunne ne alƙali. Hujja ce mai daɗin ji, sai dai tana hana mai saye kwatantawa a takarda.

Wani ɓangare na kuɗin kuma na talla ne. Kamfanin ya yi shekaru da dama yana sayar da Wave kai tsaye ga jama'a, ta shafukan mujallu da tallan rediyo da shagunansa, kuma farashin ba ya motsi. A shekarar 2000 Henry Kloss, wani tsohon hannu a wannan sana'a, ya fito da Tivoli Model One a kan kimanin dala 100: akwatin katako, lasifika ɗaya, babu agogo, babu faifai, sai babban abin murɗawa na kamo tasha. Masu son rediyo tsagwaronsa da yawa can suka koma.

Duk wannan lissafin Amurka ne. Idan rediyon ya iso Kano ko Maradi, sai wani lissafin ya taso, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci ga mai karatu.

An ƙera shi ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa. Ba ya aiki da batir. Tsohon samfurin yana da gurbin ƙaramin batir, amma riƙe agogo ne aikinsa, ba kunna rediyo ba. Ke nan daidai lokacin da aka fi buƙatar rediyo a gidajenmu, wato NEPA ta ɗauke kuma ga lokacin labarai, shi yana nan shiru, ɗan rediyon Kchibo mai cin batir biyu yana ta aikinsa a tsakar gida. Wanda aka yi don kasuwar Amurka kuma wutar da masu gyara ke kira wan-ten yake sha, tamu kuwa ta ninka ta. Ka soka shi a soket kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba, ka yi asara a daƙiƙa ɗaya. A duba takardar da ke ƙasansa kafin a yi maganar kuɗi.

Zangon AM da FM kawai yake kamawa, babu gajeren zango. Ga al'ummar da ta tashi da Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na DW, da Muryar Amurka, da RFI, wannan ba ƙaramin gibi ba ne, musamman a garuruwan da babu tashar FM mai ɗauko shirye-shiryensu. Ko a AM ɗin ma akwai ƙulli. Tashoshin Amurka suna da tazarar kilohaz 10 a tsakaninsu, namu na Afirka da Turai kilohaz 9. Rediyon Tarayya na Kaduna an san shi a kan 594, amma rediyon da aka saita don Amurka daga 590 sai ya yi tsalle zuwa 600, don haka ba zai sauka daidai kan tashar ba.

Sai rimot. Samfurin 2004 ba shi da maɓalli ko ɗaya a jikinsa, komai sai da wani ɗan siririn rimot mai girman katin banki. Kayan gwanjo kuwa sau nawa suke zuwa da rimot ɗinsu? Faifan CD ta wata tsaga ake zura shi, kuma ƙurar hunturu ba ta barin irin wannan inji ya daɗe da lafiya. Babu wajen sa filash ko memori, alhali a nan ne wa'azi da waƙoƙin yawancinmu suke yanzu. Abin da ke cetonsa shi ne ramin da ke bayansa na jona waya da igiya. Sababbin samfuran da ake haɗawa da intanet ma ba su tsira ba, domin a 2025 kamfanin ya sanar zai daina tallafa wa tsarinsa na SoundTouch ta intanet. Ɓangaren da ya fi zama na zamani shi ya fara tsufa, rediyon 1993 kuwa har gobe yana kama FM.

Ni dai ga inda na tsaya. Wanda ke da sola ko inbata, yana zaune a gari mai tashoshin FM, yana son abu ɗaya mai tsafta a ɗakin kwana ko ofis wanda zai riƙa saurara kullum, idan ya samu mai lafiya a farashin gwanjo mai sauƙi, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ke neman rediyon labarai, ko mai son kiɗa ya cika falo, ya kai kuɗinsa wani wuri. Idan kuma ka yi niyyar saye, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka: ka duba ƙarfin wutarsa, ka karɓi rimot a hannunka, ka sa faifai ka ga ya shiga ya fito, sannan ka nemo tashar da ka saba ji da safe.