Tanderun Burodi: Aikin Daga Ƙasa Yake Farawa

Tun daga shekarar 2014, lokacin da rikicin kan iyaka ya koro dubban mutane daga ƙauyukansu, garin Mora ya cika ya batse, masu neman burodin safe kuma suka ƙaru. Shi ya sa muke ganin matasanmu da ƙungiyoyin adashin mata suna sha'awar gina tanderu a gida. Sana'a ce mai kyau. Sai dai sau da yawa akan zuba kuɗi duka a kan tulluwar tanderun, a bar gindin da zai ɗauke ta a wulakance. Damina ɗaya sai gini ya tsage, jari ya bi ruwa.

Mu fara da nauyi. Kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, mai kaurin santimita 10, ya kai kilo 540 shi kaɗai. In aka ɗora jan bulo da laka da yashi, ƙaramin tanderu ma yakan haura tan ɗaya. Duk wannan a kan ɗan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Sai kuma ƙasa. A gindin duwatsun Mandara ƙasar mai tsakuwa ce, tana riƙe gini. Amma in aka gangara fili wajen hanyar Waza, akwai baƙar laka wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa. Da rani takan dare har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Ginin da ke bisanta dagawa yake yana sauka kowace shekara, tulluwar bulo kuwa ba ta jure motsi. Saboda haka a irin wannan wuri a haƙa a kwashe lakar sama, a cike ramin da dutse da tsakuwa, a daddaɓe sosai. Dutse dai ba mu rasa shi ba a Mora.

Bayan haka a zuba kankaren ƙasa: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da rodi a saƙe a ciki, tazarar santimita 20. Simintin Figil da ke kan hanyar Garwa ya wadatar. A yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai. Ƙarfinsa ba ya cika sai bayan kwana 28. Mai gaggawa a nan shi ke yin aiki sau biyu.

A kan wannan ne za a tada bango uku na bulo, da na huɗu a tsakiya don ya tallafi kankaren sama, a bar gaba a buɗe don ajiye itace. Tsawon ya kai gwiwar hannun mai gashi, wato kamar mita ɗaya, don kada baya ya ƙage.

Abu na ƙarshe shi ne wuta. Burodi yana gasuwa a zafin digiri 230 zuwa 250, amma cin wutar itace ya fi haka nesa, siminti kuwa yakan fara rauni in zafi ya wuce digiri 300. Don haka kada daɓen tanderu ya zauna kai tsaye a kan kankare. A shimfiɗa laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi, kaurin tafin hannu, sa'an nan yashi, sa'an nan a jera jan bulo ba tare da siminti ba. A yi rumfa, a kuma jaye ruwan indararo daga gindin ginin.

Magini zai iya cewa duk wannan ɓarnar kuɗi ce. Mu tuna masa cewa araha ba ta ado. Tulluwa in ta tsage ana yaɓe ta da laka a yini ɗaya. Gindi in ya zauna, sai dai a rushe a sake. Allah ya ba mai niyya sa'a.