Ciwon Mara da Matsar Wanki

Duk wadda ta taɓa matse zanen atamfa bayan ɗauraya ta san yadda ake yi: a kama bakin nan, a kama wancan, a murɗa har ruwa ya tsiyaye. Haka mahaifa take yi idan al'ada ta zo. Tsoka ce, tana murɗawa don ta fitar da jini da shimfiɗar da ta tanada domin ɗaukar ciki. Hannun da ke murɗa ta wani sinadari ne da likitoci ke kira furostagilandin. Idan ya yi yawa, matsar takan shaƙe jijiyoyin da ke kai wa mahaifar jini, sai ciwo ya kama mara ya sauka baya da cinyoyi, wani sa'in har da amai da gudawa. Yakan yi kwana 2 ko 3.

Mai wanki ta san sassauta hannu ya fi sauƙi tun zane bai kanannaɗe ba. Magunguna irin su ibuprofen da Ponstan rage wannan sinadari suke yi, shi ya sa suka fi aiki idan an sha da zarar jini ko ciwo ya fara, kafin a kai ga birgima a tabarma. A ci abinci tukuna, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta nemi shawarar likita. Ɗumi ma yana sakin tsoka: a zuba ruwan zafi a gora, a naɗe da tsumma, a ɗora a mara. Shayin citta da ɗan tattaki suna taimaka wa wasu. Tiramol da allurar barci ta kemis kuwa jaraba suke jawowa.

To amma idan akwai dutse ƙulle a cikin zanen, sassauta hannu ba zai isa ba. Ciwon da ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ko yake zuwa da jini mai yawa da gudaji, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, yana iya zama ƙarin mahaifa, ko sanyin mata, ko endometiriyosis, wato tsirowar irin shimfiɗar mahaifa a wajenta.

Iyaye mata, a daina sallamar yarinya da “yi haƙuri, in kin yi aure zai daina.” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ciwon mara ke hana ta makaranta duk wata, a kai ta asibiti a duba ta.