Tazarar haihuwa: mai neman shawara ce ke faɗin abin da take so

A cibiyoyin kiwon lafiya na Damagaram, daga Birni har Zango, mata na zuwa wurin ungozoma neman shawara kan tazarar haihuwa. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da magungunan tazara kyauta a asibitocinta. Amma macen da aka zaɓa wa magani ba tare da an ji ta bakinta ba, sau da yawa takan watsar da shi, ta daina zuwa.

Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya cewa mai neman shawara ce ke faɗin burinta. Wannan tunani ya samo asali daga Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda a littafinsa na 1951 ya nuna cewa mutum ya fi kowa sanin damuwarsa, aikin mai ba da shawara kuwa shi ne ya saurara, ya taimaka masa ya gano mafita.

A ƙasashe masu amfani da Faransanci, ana kiran tsarin BERCER, mai matakai 6: tarba, tattaunawa, ba da bayani, zaɓi, bayanin yadda ake amfani da abin da aka zaɓa, sai sa ranar dawowa.

A aikace, ungozoma kan fara da tambaya: hutun wata nawa ko shekara nawa ake so? Mai son hutawa har ta yaye goyonta da mai son jinkirin shekaru ba buƙatarsu ɗaya ba. Daga nan ake bayyana mata cewa ƙwaya kullum ake sha, allura duk wata 3, ashanar fata kuwa tana kai shekara 3 zuwa 5, tare da illolin da kowace ka iya kawowa. Idan hawan jini ko wani ciwo ya hana wata hanya, wajibi ne a faɗa mata gaskiya. Zaɓi dai nata ne, kuma tana da damar canzawa.

Da yake maigida na da ta cewa a wannan lamari, a jihar Damagaram aka fara Makarantar Mazaje da tallafin UNFPA, inda magidanta ke tattauna lafiyar iyali a tsakaninsu.

Duk macen da ta ji ba a saurare ta ba, tana da haƙƙin sake tambaya kafin ta karɓi kowane magani.